Tarihin Zubin Kayan Ƙarfe na Hawan Salla a Ƙasar Dutse

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada a Garu ranar hawan salla ya san yadda ido ke cika. Ga 'yan lifida, ga 'yan sulke, ga dogarai cikin ja da kore, ga hakimai kowa da jama'arsa, daga Birnin Kudu da Gwaram da Buji, har Kiyawa da Jahun da Miga. Rana na dukan likkafu da kawunan takubba da ƙararrawar wuyan dawaki, sai walƙiya ke tashi. Baƙo ya kan ɗauka duk waɗannan kaya ne da kakanni suka je yaƙi da su. Alhali ba haka ba ne. Kaɗan ne daga ciki suka ga yaƙi. Mafi yawa maƙera ne suka sake zuba su a kan samfurin na dā, waɗansu a zamanin En'e, waɗansu shekaran jiya-jiya. Wannan ba abin kunya ba ne, gama da ba don maƙeran zubi ba da hawan ya daɗe da tsiraita. Amma ya kamata ma'aikatan masarauta, waɗanda suka gāji En'e, su san asalin abin da ke hannunsu, su kuma iya rarrabe tsohon kaya da sabon zubi.

ASALIN KAYAN

Littafin Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Sarki Muhammadu Rumfa kuwa, daga 1463 zuwa 1499, shi ya kawo kakaki da figini, shi ya kafa Kasuwar Kurmi, inda har yanzu ake cinikin kayan doki. Tsakanin waɗannan biyu akwai Abdullahi Burja, 1438 zuwa 1452, wanda littafin ya ce ya auri 'yar Sarkin Dutse. Watau tun lokacin da kayan yaƙin doki ke kafuwa a Kano, Dutse gari ne mai sarki, wanda ya isa a nemi surukuta da shi.

Mutanen Dutse ba 'yan kallo ba ne a sha'anin yaƙi. Sarkin Kano Kumbari, 1731 zuwa 1743, ya kawo wa Dutse yaƙi da kansa, ya koma bai ci garin ba. Da aka yi jihadi, wajen 1807, Malam Salihi da Malam Musa suka karɓi garin, ya zauna ƙarƙashin Sarkin Kano. Daga tsakiyar ƙarni na 19 har zuwan Turawa, ƙasar Dutse da Birnin Kudu da Gwaram su ne bakin dāga, don ta nan Ningawa ke ɓullowa da hari. Saboda haka mai sarauta a wannan yanki ba ya rabuwa da doki ɗaure da sirdi kusa. Bature Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya kimanta mahayan da Sarkin Kano ke iya tarawa sun kai 7,000. Kowane ɗaya yana bukatar linzami da likkafa biyu da ƙaimi da zobban ɗamara. Mai karatu ya lissafa da kansa yawan ƙarfen da wannan runduna ke ci.

MAƘERAN BAƘI DA MAƘERAN FARI

Ƙira iri biyu ce a ƙasar Hausa. Maƙeran baƙi su ke aikin baƙin ƙarfe: fartanya da garma, mashi da takobi, da bakin linzami. Aikinsu dūka ne, a gasa ƙarfe ya yi ja, a ɗora bisa uwar maƙera a bi shi da masaba. Maƙeran fari kuwa su ke aikin azurfa da tagulla da jan ƙarfe da dalma. Su ma suna dūka, amma abin da suka fi abokansu da shi shi ne zubi, watau a narka ƙarfe ya zama ruwa a ɗura shi cikin mazubi. Takobi guda ya kan bi ta hannun mutum uku kafin ya kai ga mai shi: maƙerin baƙi ya ƙera ruwansa, maƙerin fari ya yi masa kai da ƙarfen bakin kube, baduku ya ɗinka kuben da hamila.

Sulke shi ba zuba shi a ke yi ba, zobba ne a ke saƙawa ɗaya cikin ɗaya. Wani masani mai suna Bivar ya bi fadoji ya duba tsofaffin sulkuna, ya buga littafi a kansu a 1964, ya nuna da yawa daga ƙetaren Sahara aka kawo su. Alamar tsohon sulke ita ce kowane zobe an haɗa bakinsa da 'yar ƙusa. Na baya-bayan nan kuwa lanƙwasa waya kawai a ke yi, baki ya taɓa baki. Ya isa ado, amma ba ya tare mashi.

INDA ƘARFEN KE FITOWA

Ƙasar Hausa tana da tama, amma ba ta da wadatar jan ƙarfe, sai an kawo. Ibn Baɗuɗa ya sauka a Takedda, cikin ƙasar Nijar ta yanzu, a 1353, ya ga ana zuba jan ƙarfe sanda-sanda ana kai wa Gobir da Barno. A 1964 wani Bafaranshe, Monod, ya tarar da kayan wani ayari binne cikin hamadar Muritaniya, sandunan tagulla fiye da 2,000, waɗanda aka yasar tun ɗaruruwan shekaru. Kuza kuwa a gida a ke samunta, a Riruwai, kudancin Kano, inda a ke narka ta a zuba siri-siri kamar tsinke. Azurfa galibi daga kuɗi ta ke fitowa, musamman dalar nan mai hoton Sarauniya Mariya Tariza, wadda a ke bugawa da shekarar 1780 ko da yaushe aka buga ta. Nufawan Bida kuma sun shahara da aikin tagulla, kayansu na zuwa Kurmi, daga nan su bazu gabas.

Da Turawa suka zo sai ƙarfe ya yawaita ta wata hanya. Kwanson harsashi tagulla ce mai kyau. Daga baya aka sami tsofaffin famfuna da makullai da tarkacen mota. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai sanholo ya shigo, wanda a ke zuba tukwane da shi, ya zama ƙarfen talaka.

YADDA YAƘI YA KOMA HAWA

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu 1903. Cikin watan nan ne mahayan Kano suka yi karo da bindigogi a Kwatarkwashi, Waziri Ahmadu ya rasu a wurin. A watan Afrilu 1906 aka yi yaƙin Haɗejiya, Sarki Muhammadu ya faɗi tare da manyan fadawansa, Allah ya ji ƙansu. Daga nan yaƙin doki ya ƙare a ƙasar da a yau a ke kira Jigawa. Lifidi da sulke suka rasa aikin da aka yi su dominsa.

Abin da ya hana su ruɓewa a ɗaki shi ne hawa. Hawan salla daɗaɗɗe ne, ya girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba. Amma Turawa sun ƙara masa wani abu da suka kawo daga Indiya, watau daba, inda a ke tara sarakuna da yawa fili guda. An yi babbar daba a Kano a 1913 gaban Gwamna Lugga, an yi wata a 1925 don Yariman Wales. An yi ta Sarauniya a Kaduna a 1956, da ta mulkin kai na Jihar Arewa a 1959, da ta bikin FESTAC a 1977. A lokacin En'e Sarkin Dutse hakimi ne na Sarkin Kano, cikin rundunar Kano ya ke fita. Kowace daba kuwa sai an nemi ɗaruruwan mahaya cikin shigar yaƙi ta dā. Tsofaffin kaya ba su isa ba, waɗansu sun karye, waɗansu sun ɓace tun Basasa ta 1893 zuwa 1895. Sai aka koma wa maƙera, aka ba su abin da ya saura, aka ce su yi irinsa. Tun daga nan kwaikwayon tsohon kaya ya zama sana'a mai zaman kanta.

KAYAN SARKI NA EN'E

En'e ta zo da nata ƙarfen. Gwamnati ta ba sarakuna sandar girma, ta masu daraja ta ɗaya da kan azurfa, ta masu daraja ta biyu da kan tagulla. A shekarun 1920 aka ware waɗansu daga aikin dogarai aka yi 'yan gadi, waɗanda daga baya aka sani da 'yan doka, aka sa musu kayan sarki da ɗamara da lamba. Gandirobobi da masinjoji su ma da nasu. Sojojin rundunar Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1897, suna da lamba mai hoton kwakwar manja, da yawansu kuwa da suka komo daga Bama suka shiga aikin En'e.

Har harshe ya riƙe alamar wannan zamani. Anini kuɗi ne, ɗaya daga goma na kwabo, mai huda a tsakiya da tauraro mai tsini shida. Na farko an buga su da sanholo a 1907. Sai Hausawa suka ari sunan suka ba maɓallin riga, suka kuma ba tauraron kafaɗar hafsa, har a ke cewa mai anini biyu ko mai anini uku.

Maɓallai da lambobin da a ke kawowa daga Ingila, galibi daga birnin Bamingam, ba zuba su a ke yi ba. Injin ne ke danna fallen tagulla tsakanin hatimi biyu na ƙarfe, zanen ya fito a gaba, bayansa ya lotsa daidai da shi. Amma in ɗan doka ya yar da lambarsa a ƙauye, ga fareti gobe, ba ya jiran jirgin ruwa. Ya kan ari ta abokinsa ya kai wa maƙeri a zuba masa irinta. Haka sojoji suka riƙa yi a kasuwannin Indiya, har masu tara tsofaffin lambobi a Turai suka san irin wannan zubi da ganinsa. An shigar da 'yan doka cikin 'yan sandan Nijeriya wajen 1970, En'e kanta aka rushe ta da gyaran ƙananan hukumomi na 1976. Abin da ya rage na kayanta yanzu tarihi ne, daidai da sulke.

YADDA A KE ZUBI

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce ta kakin zuma, wadda a ke yi a Afirka ta Yamma fiye da shekara dubu, da ita aka zuba tagullar Igbo-Ukwu da ta Ife da ta Binin. Maƙeri ya kan sassaƙa abin da ya ke so da kaki, ya yi masa duk zanen da ya ke bukata, ya liƙa masa 'yar sandar kaki wadda za ta zama hanyar ruwan ƙarfe. Sa'an nan ya shafe shi da yumɓu mai laushi ƙwarai, gauraye da garin gawayi, don shi ne zai ɗauki zanen. In ya bushe ya ƙara wani yumɓu mai kauri, wanda aka cuɗa da kashin jaki ko na doki don kada ya tsage. Sai a gasa, kakin ya narke ya fita, ya bar gurbinsa. A narka tagulla da gawayin ƙirya, yaro na bisa zuga-zugi, a ɗauko da awartaki a ɗura. In ya huce a fasa mazubin. Saboda haka kowane mazubi abu ɗaya tak ya ke haifa, ba a kuwa samun biyu da suka yi daidai ƙwarai.

Ta biyu ita ce ta yashi, irin ta masu tukwanen sanholo. A sami akwati mai ɓari biyu, a cika da yashi mai laushi da ɗan danshi, a danna tsohuwar likkafa ko lamba a ciki, a buɗe a cire ta, a huda hanyar ƙarfe da ta iska, a rufe a zuba. Wannan ta fi sauri da araha, da samfuri guda a kan zuba ɗari. Ita ce hanyar da a ke bi in hawa ya matso, hakimi na neman kayan mahaya ashirin.

Kowane ƙarfe da zafin da ya ke narkewa. A ma'aunin santigirai, kuza na narkewa a 232, dalma a 327, sanholo a 660, tagulla wajen 900 zuwa 940, azurfa a 962, jan ƙarfe a 1,085. Wannan shi ya sa ƙaramin maƙeri ya fi son sanholo, gawayi kaɗan ya ishe shi. Tagulla kuwa garwaye ce ta jan ƙarfe da tutiya, in zafi ya yi yawa sai tutiyar ta tashi da farin hayaƙi, mai sa maƙeri zazzaɓi, ƙarfen kuma ya canja launi. Haɗari mafi girma shi ne danshi. In mazubi bai bushe sarai ba, ruwan ƙarfe na taɓa shi sai tururi ya watso shi a fuskar mai zubi.

AIBIN KWAIKWAYO

A nan ne ya kamata ma'aikaci ya natsu. Ƙarfe in ya huce ya kan tsuke. Tagulla na raguwa kusan kashi ɗaya da rabi cikin ɗari. Saboda haka likkafar da aka zuba a kan tsohuwa ta kan gaza ta kaɗan, zanenta kuma ya dushe kaɗan, gama yashi ba ya ɗaukar siririn layi duka. Wannan ba ya ganuwa a karon farko. Amma in tsohuwar ta ɓace, aka ɗauki 'yarta aka yi samfuri, sa'an nan jikarta, kafin zubi na biyar ko na shida sai a ga zanen da maƙerin dā ya kwana yana sassaƙawa ya zama ƙulu-ƙulu marar kan gado. Babu wanda ya yi niyyar ɓata shi, a hankali ya zube, kamar labarin da ya bi ta baki goma.

Aibi na biyu ya fi wannan muni. Akwai dillalai masu bin gidajen sarauta suna neman tsofaffin kaya. Su kan karɓi tsohuwar likkafa mai tsatsa su ba da sabuwa mai ƙyalli, har da 'yan kuɗi a kai, mai gida ya ga kamar ya ci riba. Waɗansu kuma su kan zuba sabo su binne shi cikin ƙasa ko su jiƙa shi da ruwan tsami ya yi kore, su sayar wa baƙo da sunan na kakanni. Dokar kayan tarihi ta 1953, da wadda ta gaje ta a 1979 ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, sun hana fitar da kayan tarihi daga Nijeriya ba da izini ba. Amma doka ba ta shiga ɗakin sirdi. Shamaki da ma'aji da magatakardan hakimi su ne ke shiga.

Aibi na uku na lafiya ne. Likkafar sanholo ko ta tagullar da aka cika wa dalma ta kan yi kyau a ido, amma in akwai kumfar iska a cikinta ta kan karye ba gargaɗi. Mahayin da ya sako doki a guje don jafi, ya miƙe bisa likkafa, ransa na rataye ga abin da maƙeri ya zuba.

Rarrabewa ba ta da wuya ga mai lura. Tsohon kaya ya kan side a inda ƙafa ko ɗamara ke gogarsa, sauran jikinsa kuwa da sauran kaifin zane. Sabon zubi dushewarsa bai ɗaya ce ko'ina. Zubin yashi ya kan bar layi a gefe inda ɓari biyu suka haɗu, da ƙananan ramuka, da sawun magagari inda aka yanke hanyar ƙarfe. Lambar Ingila bayanta a lotse ya ke sumul, ta kasuwa bayanta a cike ya ke da kaushi. Sanholo kuma hannu kaɗai ya isa ya tona shi, don ba shi da nauyi.

ABIN DA YA RATAYA A WUYAN MA'AIKATA

Gwamna Abubakar Rimi ya ɗaga Dutse ta zama masarauta a 1981, aka soke wannan a 1983. Ranar 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, Dutse ta zama babban birninta, masarautar kuma ta tsaya da ƙafarta tare da Haɗejiya da Gumel da Kazaure da Ringim. Garin da dā ke bin rundunar Kano ya zama mai hawan kansa, hakimai suka yawaita, bukatar kayan doki ta ninka. Marigayi Sarki Nuhu Muhammadu Sanusi ya riƙe sarautar daga 1995 har rasuwarsa a Janairu 2023, Allah ya gafarta masa, ɗansa Hamim ya gaje shi. A Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan dabar Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gāda. Idon duniya ya juyo ga hawa, idon dillalai ma haka.

Ma'aikatan En'e na dā an san su da littafi. Ba a fitar da ko kwabo daga baitulmali sai da takarda, jangali kuma sai an ƙirga saniya ɗaya-ɗaya. Wannan hali shi ne maganin abin da aka ambata. Ya kamata kowane gidan sarauta ya buɗe littafin kayan doki, a rubuta kowane abu da nauyinsa da awonsa da hotonsa, da sunan wanda ya fara mallakarsa in an sani. Abin da aka tabbata tsoho ne a ajiye shi, kada a hau da shi, gama Gidan Makama a Kano ya nuna yadda a ke adana irin wannan. In za a yi sabon zubi a ɗauki samfuri daga tsohon kansa, ba daga 'ya'yansa ba, ma'aikaci na tsaye har a mayar da shi. Maƙeri kuma ya buga alamarsa da shekara a bayan duk abin da ya zuba. Wannan ba ya rage wa kayan kwarjini a fili, amma ya kan toshe hanyar maƙaryaci, ya kuma ba maƙerin sunan da ya cancanta. Likkafa da zoben ɗamara, waɗanda ke ɗaukar nauyin mutum, a yi su da tagulla mai kyau ko baƙin ƙarfe, a bar sanholo ga ƙararrawa da adon goshi.

Sa'an nan a biya maƙeri a kan lokaci. Yaron da ya ga ubansa na bin bashin aikin sallar bara ba zai zauna bakin zuga-zugi ba, zai tafi acaɓa. In kuwa masu zubin kaki suka ƙare, samfuri ko ya kai ɗari a ɗaki ba mai fitar da irinsa.

Mutanen da suka tsare Dutse daga Kumbari, suka kwana bisa sirdi saboda Ningawa, ba su bar hotuna ba. 'Yan dokan da suka yi gadin baitulmali su ma kaɗan ne a ke tuna sunansu. Abin da ya saura daga gare su wanda hannu ke iya taɓawa shi ne 'yan ƙarafan nan, da kamanninsu da maƙera ke sabuntawa kowace salla. Allah ya ji ƙan magabata, ya ja zamanin Sarki, ya ba ma'aikata ikon riƙon amana. Amin.

Tamat.